Mai Turanci da takardar Faransanci: inda za ka fara da inda za ka yi hattara

Ni ne tafintan da kuke tararwa a teburin kariya. Da wuya a yi mako guda wani bai miƙo mini takarda yana cewa, "Malam, na yi boko har na gama sakandare, amma wannan ta fi ƙarfina." Na san abin da yake ji. Ni ma a Najeriya na yi karatu, da Turanci, kuma ranar da na ƙetaro iyaka a 2019, lokacin da jama'a suka fara kwararowa jihar Maradi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba.

A kasuwa da masallaci da bakin rijiya Hausa ta ishe mu. A 2025 ma hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma har yanzu takardar shaidar ɗan gudun hijira, da takardar haihuwa, da katin asibiti, da sakamakon jarrabawar yaro, da Faransanci ake rubuta su. Wanda bai iya karanta takardarsa ba yana iya rasa haƙƙinsa alhali haƙƙin na cikin aljihunsa.

Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, mai Turanci da Hausa ba daga tushe zai fara ba. Turanci zai ba shi kalmomi, Hausa kuma za ta ba shi ginin jimla. Sai dai Turancin yana da wuraren da yake yaudara, kuma su ne suka fi jawo asara.

Me ya sa kalmomin suke kama?

A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan aka daɗe Faransanci ne harshen fada da kotu a can, shi ya sa kalmomin mulki da shari'a da ofis na Turanci da yawa daga Faransanci aka aro su. Mu kuwa irin waɗannan kalmomi ne a takardunmu. Dubi document, signature, nationalité, protection, police, justice, hôpital, famille, date, village. Mai Turanci zai gane su ba tare da ƙamus ba. Kusan duk kalmar da ta ƙare da -tion ma'anarta ɗaya a harsunan biyu: information, distribution, vaccination, vérification.

Akwai kuma waɗanda kuka riga kuka sani daga bakin mutanen gari. Lakwal daga l'école take, wato makaranta. Mushe daga monsieur, kaye daga cahier, littafin rubutu, jandarma daga gendarme, isansi daga essence, wato fetur. Gajerun sunayen hukumomi ma juya su ake yi: UNHCR a nan HCR ce, hukumar abinci ta duniya PAM, ta lafiya OMS, ƙungiya mai zaman kanta kuma ONG. Asibitin da ake kira CSI shi ne centre de santé intégré.

Kalmomin da ke yaudara

Ga inda na taɓa yin kuskuren da ban manta ba. A farkon aikina wani dattijo ya kawo takarda mai ɗauke da kalmar délai da adadin kwanaki. Na ga ta yi kama da delay ta Turanci, sai na ce masa, "Baba, sun ce za a samu jinkiri, sai ka yi haƙuri." Ashe délai wa'adi ne, kwanakin da aka ba shi ya kawo wasu takardu kafin a rufe. Allah ya sa jami'ar da nake yi wa aiki ta duba takardar kafin kwanakin su cika. Da ba haka ba, da na sa bawan Allah ya zauna a gida yana jiran abin da shi ake jira.

Tun daga ranar nake tara irin waɗannan kalmomi. Ga waɗanda suka fi fitowa a harkokinmu:

Attendre jira ne, ba halarta ba. In an ce attendez, ana nufin ku dakata. Halartar taro kuwa assister à ake cewa, kuma ba taimako take nufi ba.

Demander tambaya ce ko roƙo cikin ladabi, babu tilastawa a ciki. Demande d'asile ita ce neman mafaka.

Tuteur mai riƙon yaro ne, kamar kawu ko gwaggo da maraya ke hannunsu. Ba malamin darasi ba ne. In an tambayi tuteur na yaro, kada a ba da sunan malamin makaranta.

Médecin likita ne. Magani médicament ne, takardar sayen magani kuma ordonnance.

Blessé wanda ya ji rauni ne, ba wanda aka sa wa albarka ba. Injure kuma zagi ne, ba rauni ba. Wannan bambanci yana da nauyi a wajen kai ƙara.

Travail aiki ne, tafiya kuwa voyage. Rester zama ne a wuri, ba hutawa ba. Journée yini ne. Location haya ce. Monnaie canji ne ko 'yan tsaba, kuɗi kuwa argent. Avertissement gargaɗi ne, ba talla ba. Actuellement na nufin a halin yanzu.

Iyaye kuma su lura da passer un examen. Zama jarrabawa kawai yake nufi. Wanda ya ci, za a rubuta masa admis ko admise. Collège kuwa ƙaramar sakandare ce, kuma azuzuwanta da baya ake ƙirga su: yaro ya gama firamare a CM2, ya shiga sixième, sai cinquième, quatrième, troisième inda ake jarrabawar BEPC. Don haka wanda aka ce ɗansa ya tashi daga aji shida zuwa aji biyar, ci gaba ya yi, ba mayar da shi baya aka yi ba.

Ƙa'idar da nake bi ita ce: in kalma ta yi kama da Turanci amma ma'anar ba ta zauna daidai a jimlar ba, kada ka tilasta mata. Tambaya.

Inda Hausa ta fi Turanci amfani

Masu koyo da yawa suna fassara komai ta hanyar Turanci, sai su ƙara wa kansu wahala. A wurare da dama Faransanci ya fi kusa da Hausa.

Na farko, namiji da mace. Kowane suna a Faransanci ko dai namiji ne, a sa masa le ko un, ko kuma mace, a sa la ko une. Bature ɗan Ingila yana shan wuya a nan, mu kuwa mun saba: muna cewa gida ya rushe, mota ta lalace. Abin kiyayewa shi ne jinsin ba kullum yake dacewa da namu ba. Mota mace ce a duka biyun, la voiture, haka ma hanya, la route. Amma gida mace ne a wurinsu, la maison, kasuwa namiji, le marché, rana ta sama namiji, le soleil, wata kuma mace, la lune. Saboda haka kada ka haddace kalma ita kaɗai. Haddace ta da le ko la ɗinta, kamar suna ɗaya ne. Kalmomin -tion mata ne, mafi yawan masu ƙarewa da -ment kuma maza ne.

Na biyu, korewa. Yadda muke sa ba a gaba da ba a baya, haka suke sa ne da pas. Je sais, na sani. Je ne sais pas, ban sani ba. A maganar baki sukan haɗiye ne ɗin, don haka kunnenka ya kasance a kan pas. A takarda kuma ka nemi waɗannan: ne… plus, an daina, ne… jamais, ko sau ɗaya, interdit, an hana.

Na uku, shekaru da mallaka. Muna cewa ina da shekara talatin, su ma j'ai trente ans, kalma da kalma. Katin Musa la carte de Moussa ne, abin ya fara zuwa sannan mai shi, kamar a Hausa. Akwai kuwa il y a ce.

Na huɗu, girmamawa. Turanci kalma ɗaya gare shi ga yaro da babba. Faransanci yana da tu ga yaro ko aboki, da vous ga jama'a ko wanda ake girmamawa, kamar yadda mukan ce wa dattijo ku. Da jami'i, da likita, da jandarma, da malamin makaranta, vous za ka yi amfani da ita har kullum. Kuma kada ka fara magana ba ka ce bonjour ba, kamar dai shiga gida ba sallama ne.

Na biyar, kalmar on. Ita ce an ko ana tamu. On m'a volé mon téléphone, an sace mini waya. On distribue demain, gobe ake rabo.

Akwai wuri ɗaya da ya saɓa wa Hausa da Turanci duka. Son da sa ba sa nuna ko mai abin namiji ne ko mace, jinsin abin suke bi. Sa carte na iya zama katinsa ko katinta. Son enfant na iya zama ɗansa ko ɗanta. In ana karanta maka bayanin da ka bayar aka zo irin wannan wuri, ka tabbatar an fayyace wa ake nufi.

Aikatau: fara da shida

Aikatau a Faransanci yana canza siffa gwargwadon mai yi da lokaci, kuma wannan ne ke sa mutane su karaya. Ba sai ka haddace littafi ba. Shida sun isa farawa: être, kasancewa, avoir, samu ko mallaka, aller, tafiya, faire, yi, vouloir, so, pouvoir, iyawa. Ka fara da siffar "ni" da ta "ku": je suis da vous êtes, j'ai da vous avez, je vais da vous allez, je fais da vous faites, je veux da vous voulez, je peux da vous pouvez.

Da su za ka gina sauran. Abin da zai faru: je vais sai aikatau, je vais revenir, zan dawo. Mu ma za ɗin da muke sawa a "zan dawo" ita ce ta "ina za ka?" Abin da ya wuce: j'ai sai aikatau, j'ai perdu ma carte, na ɓatar da katina. 'Yan kaɗan, galibi na motsi, da je suis suke tafiya: je suis arrivé, na iso, je suis parti, na tafi, je suis né, an haife ni. Mace za ta ƙara e a rubuce: arrivée, partie, née. A wajen roƙo kuwa je voudrais ta fi je veux ladabi.

Furuci da rubutun sunaye

Ka ajiye furucin Turanci gefe. Wasulan a da i kamar na Hausa suke. Ou ita ce u tamu, au da eau o ne, oi kuma wa: trois ana cewa "tarwa" da sauri, moi "mwa". Ch sh ce, qu k ce, h ba a furta ta. Baƙin ƙarshen kalma galibi shiru yake: petit "peti", vous "vu", beaucoup "boku".

Wannan ne dalilin da sunayenmu ke sauya kama a takarda. Usman ya zama Ousmane, Musa Moussa, Isa Issa, Abubakar Aboubacar, A'ishatu Aïchatou, Shu'aibu Chaïbou. C ɗinmu tch ake rubuta ta, j kuma sau da yawa dj. Wannan ba laifi ba ne a kansa. Matsalar tana zuwa in sunan uba Usman ne a takardar iyali, Ousmane a takardar haihuwar ɗa, sannan wani abu dabam a rajistar makaranta. Ranar da za a haɗa takardun sai a ce ba mutum ɗaya ba ne. Duk inda za a rubuta sunanka ko na ɗanka, fito da takardar shaidarka a kwafa harafi da harafi.

In za ka faɗi haruffan da baki, ka kula. Harafin i suna kiransa "i", wanda mai Turanci zai ɗauka e ne. G kuma suna kiranta "je", j kuwa "ji", akasin Turanci. Ya fi sauƙi ka rubuta a takarda ka miƙa.

A fom, nom sunan iyali ne ko na mahaifi, prénom kuma sunanka na yanka. Mutane da yawa suna juya su. Date de naissance ranar haihuwa, lieu de naissance wurin haihuwa, né vers an haife shi wajejen shekara kaza. Chef de ménage mai gida, taille du ménage yawan mutanen gidan. Marié mai aure, célibataire marar aure, veuve matar da mijinta ya rasu. Valable jusqu'au na nuna ranar da takarda za ta daina aiki. Wannan layin kowa ya nemo shi a takardarsa yau.

Lambobi, lokaci da magani

Daga ɗaya zuwa sittin da tara ƙirga a miƙe take. Daga nan sai lissafi. Saba'in soixante-dix ne, wato sittin da goma. Tamanin quatre-vingts, ashirin huɗu. Casa'in quatre-vingt-dix, ashirin huɗu da goma. Saboda haka in ana faɗa maka lambar waya, wadda a nan bibbiyu ake karanta ta, kada ka yi saurin rubuta 6 don ka ji soixante. Jira ƙarshen, mai yiwuwa 75 ce. Ka kuma bambance deux da douze, 2 da 12, trois da treize, 3 da 13, six da seize, 6 da 16.

A rubuce, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta: 2,5 kg kilo biyu da rabi ne. Ɗigo kuwa dubbai yake rabawa: 10.000 F sefa dubu goma ce. A rubutun hannu 1 tana da dogon baki har ta yi kama da 7, ita kuma 7 ana ja mata layi a tsakiya. Ka tuna kuma farashin takarda da na baki ba ɗaya ba ne, domin a kasuwa da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Abin da aka rubuta 100 F dala ashirin ne, 500 F dala ɗari, 1.000 F kuma jika guda.

Agogon ofis awa 24 ne. In lambar ta wuce 12, cire 12: 14h30 biyu da rabi na rana, 16h ƙarfe huɗu na yamma. Watanni sun yi kama da na Turanci, amma juin, Yuni, da juillet, Yuli, suna rikita mutane, haka ma mardi, Talata, da mercredi, Laraba. Na sha ganin wanda ya zo ganawa kwana ɗaya bayan ranarsa saboda waɗannan biyun.

A takardar magani: matin safe, midi tsakar rana, soir yamma ko dare. Comprimé ƙwaya, cuillère cokali. 3 fois par jour sau uku a rana, pendant 5 jours har kwana biyar. Avant le repas kafin cin abinci, après le repas bayan ci, à jeun kuma tun ba a ci komai ba. Ko ka karanta ka gane, ka maimaita wa ma'aikacin lafiya da Hausa ya tabbatar maka, musamman in maganin yaro ne.

Yadda za ka koya ba tare da kashe kuɗi ba

Littafinka na farko takardarka ce. Zauna da ita ka bi ta layi layi har sai babu kalmar da ba ka sani ba. Daga nan ka koma katin rigakafin yara, sai allunan sanarwa.

Sami kaye ɗaya, ka raba kowane shafi gida uku: kalmar da le ko la ɗinta, yadda ake furta ta da rubutun Hausa, sai ma'anarta. Kalma biyar a rana ta isa. A wata guda ka tara 150. Ka ware shafukan baya don kalmomin da ke yaudara.

In kana da yaro a lakwal, zauna kusa da shi in yana bitar karatu, ka sa shi ya gyara maka furuci. Ba abin kunya ba ne, gemu ba ya hana ilimi. Saurari labarai a rediyo da Hausa, sannan ka saurare su da Faransanci, tunda ka riga ka san abin da ya faru kunnenka zai riƙa tsintar kalmomi. Kuma ka yi magana ko da kuskure. Mutanen gari da ma'aikata sun fi yi wa mai ƙoƙari uzuri fiye da yadda muke zato.

Ga jimloli biyar da ya kamata kowa ya riƙe, ko bai yi boko ba:

Je ne comprends pas. Ban gane ba.
Parlez lentement, s'il vous plaît. Don Allah ku yi magana a hankali.
Je voudrais un interprète. Ina son a ba ni tafinta.
Qu'est-ce que ça veut dire ? Me wannan ke nufi?
Je ne signe pas sans comprendre. Ba zan sa hannu ba sai na gane.

Gargaɗi game da ganawa da sa hannu

Koyon Faransanci zai taimake ka a hanya, da asibiti, da makaranta, da neman aiki. Amma ranar ganawar da ta shafi matsayinka, ko ƙarar da ka kai, ko riƙon yaro, ka yi magana da harshen da ka fi iyawa. Na ga waɗanda suka ɗan fara jin Faransanci suka riƙa cewa oui, oui don kada a ce ba su iya ba, aka rubuta abin da ba su faɗa ba, gyaran kuma ya ɗauki lokaci. Neman tafinta ba ya rage maka daraja. In mace ta fi son mace ta fassara mata, ta faɗa tun farko. Tafinta kuma amana ce a wuyansa, ba ya fitar da abin da ya ji.

In ka ga lu et approuvé a ƙasan takarda, ma'anarsa na karanta na amince. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a wurin sai an karanta maka duka da Hausa. Ka kuma san kalmar gratuit, wato kyauta. Rajista, da takardar shaida, da fassara a teburin kariya duk kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi a kansu, ku sanar da jami'in kariya.

Duk mai takardar da ta shige masa duhu ya zo da ita teburin kariya a lokutan aiki, mu karanta tare. In kuma ka ci karo da wata kalma mai yaudara da ban ambata ba, kawo ta in ƙara a jerina don fitowa ta gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya.